Wa Zai Gaya wa Farfesa

Ni ce babba a ajinmu, kuma ba da ƙaramar tazara ba. Na daɗe ina koyar da 'yan firamare kafin in koma jami'a neman digirin koyar da harshen waje, don haka ranar da na fara shiga aji da ƙatuwar jakata da gorar ruwana, yaran suka miƙe suna gaishe ni, sun ɗauka ni ce malamar. Tun daga ranar suka laƙaba min Anti. Ban damu ba. Wanda ya manta biro wurina yake zuwa, haka mai ciwon kai, haka wadda saurayi ya ɓata wa rai.

A shekararmu ta ƙarshe muka shiga hannun Farfesa. A takarda sunan kwas ɗinta firagmatik, amma ita ba ta cika kiran sunan ba. Cewa take yi abin da take koyarwa shi ne abin da mutum yake aikatawa da magana: yadda ake roƙo, yadda ake cewa a'a, yadda ake ba da haƙuri, yadda ake kai wa mutum labarin da ba ya son ji. Ta ce kana iya haddace nahawun harshe kaf, ka je ƙasar masu shi, ka ɓata wa mai masaukinka rai tun kafin ka zauna a kujerar da ya ba ka.

"Ku malamai za ku zama," in ji ta. "In kuka koya wa yara jimla ba ku koya musu inda ake ajiye ta ba, wahala kawai kuka ba su."

Gajeriyar mace ce, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta, tabarau rataye a wuya da 'yar igiya. Tana da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Ban taɓa ganin ta kunyata ɗalibi ba, ko da ya yi shirmen da ya isa a kore shi. Ina son matar nan, ba zan ɓoye ba. Na girmi 'yan ajin, amma a gabanta nakan ji ni ma yarinya ce, kuma abin yana min daɗi.

Yadda take aiki, kujeru biyu take sawa a gaban aji. Ta kira mutum biyu ta raba musu hali: kai ka fasa gilashin motar maƙwabcinka, ke kuma za ki gaya wa shugabarki ta yi kuskure a rahoto. Su yi a harshen da muke koyo, mu mu zuba ido. In sun gama sai ta juyo gare mu da tambayarta ta kullum: "Kada ku gaya min abin da ya ce. Me ya yi da maganar?" Sai a shiga feɗe zancen, a ga inda ya yi sharar fage, inda ya sassauta, inda ya bar wa ɗayan ƙofar fita don kada kunya ta kama shi. Wannan ƙofar fita ita ce abar da Farfesa ta fi ji da ita. Takan ce in za ka faɗa wa mutum magana mai ɗaci, ka bar masa hanyar da zai sulale da mutuncinsa.

Akwai kuma wani abu da ta ƙirƙiro, mu muka sa masa suna kwanton ɓauna. Ta ba mu izini mu tare ta ko'ina, a baranda, a ofis, a bakin motarta, mu jefa mata magana mai nauyi a harshen ba tare da gargaɗi ba. Ka roƙi aron motarta. Ka ce mata littafin da ta rubuta ya sa ka barci. Za ta biye maka har ƙarshe kamar da gaske, sannan ta cire tabarau ta gaya maka inda ka yi daidai da inda ka kwafsa. Ni na taɓa tare ta na ce na gan ta a kanti ta ƙi gaishe ni, kuma na ji haushi. Ta yi ta ba ni haƙuri har sai da na ji tausayinta, daga baya ta ce min na shigo da zafi kamar wadda ta zo kama ɓarawo.

Ban san wanda ya fara lura ba, amma kafin zangon ya yi nisa duk mun gane Farfesa ba ta ji sosai. Da farko ta sa aka juya kujerun nan biyu suka fuskanci teburinta maimakon su fuskanci juna. Sai ta fara kashe fanka ko da zufa na tsiyaya. In aka yi tambaya daga baya sai ta ce, "Maimaita da ƙarfi don 'yan uwanka su amfana," alhali 'yan uwan sun ji tun a karon farko. Wata rana wayarta ta yi ta kuka a cikin jaka a gefen ƙafarta, mu duka muna ji, ita tana ta bayani a bakin allo. Bakin mutum take kallo, da fuskarsa da hannuwansa, kuma ta ƙware a karanta su har takan dace sau da yawa.

Dogo ne ya fasa ƙwan. Shi ne sarkin tsokanar ajin, kuma ya fi kowa tsawo, in ya zauna a kujerar gaba gwiwoyinsa har kusa da ƙirjinsa suke kaiwa. An haɗa shi da Auta, ƙaramar cikinmu mai 'yar siririyar murya, aka ce ya ba ta haƙuri a kan ya ɓatar mata da littafi. Ya langaɓe kai, ya dafe ƙirji, ya sauke murya, ya shiga jero sunayen ranakun mako a harshen. Da suka ƙare ya koma kan watanni, daga nan ya shiga gaɓoɓin jiki. Auta ta cije leɓe tana kallon ƙasa.

Farfesa ta tafa hannu. "Kun ga ban haƙuri ko? Kun lura bai kare kansa ba ko sau ɗaya?"

Dariyar da ake dannewa ta kufce wa wasu. Ta juyo tana murmushi tare da mu, a zatonta daɗin wasan muka ji. Ni kuwa raina ya tashi. Ana fitowa na tare Dogo a matakala na wanke shi tas, ban rage masa komai ba.

"Anti, wallahi ba raini ba ne," in ji shi. Idanunsa sun kaɗa. "So nake in tabbatar. Ina ta fata ta kama ni ta kore ni daga ajin."

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne jarrabawar baka ta ƙarshen zango. A wannan jarrabawar ba ita kaɗai take zama ba. Ana gayyato baƙon malami daga wata jami'a ya zauna a gefenta, kowa ya ba da makinsa, sannan a kwatanta. In Farfesa ta yaba shirme a gabansa, ko ta yi wa ɗalibi tambaya a kan abin da bai faɗa ba, maganar za ta kai ga shugaban sashe, daga nan ta zaga jami'a. Matar da ta ƙare rayuwarta tana koya wa mutane sauraro za ta zama abar labari a ɗakin shan shayin malamai. Dole wani ya gaya mata kafin ranar, ta nemi magani ko ta san yadda za ta shirya.

Muka yi taro a ajin bayan an tashi. Monita, shugaban ajinmu, yaro ne mai son tsari, rigarsa kullum a goge. Ya ɗauki alli ya rubuta ma'aunan nan da ita kanta ta koya mana ana dubawa kafin a buɗe baki: tazarar da ke tsakaninka da mutumin, girmansa a kanka, da nauyin maganar. Ya auna kowanne ya ga ya kai ƙololuwa. Bisa karatun da muka yi, in ji shi, sai dai a bi ta nesa, a zagayo a hankali, a bar mata ƙofa a buɗe. Duk muka gyaɗa kai har da ni. Mun ji daɗin kanmu ƙwarai, kamar likitocin da suka gano cuta.

Monita ya fara. Ya tare ta a bakin motarta, mu muna leƙe ta tagar laburare. Ya tsaya daidai gabanta yadda za ta ga bakinsa, ya ɗauko labarin wani kawunsa wanda kunnensa ya yi nauyi, ya yi ta noƙewa, daga baya ya je asibiti aka sa masa 'yar na'ura, yanzu ga shi har hira yake da jikokinsa. Monita ba shi da wani kawu mai ciwon kunne, mu muka haifa masa shi a taron. Kuma a harshen waje ya yi bayanin, don mun saba duk wata magana mai nauyi da Farfesa a cikinsa ake yin ta. Ta saurara da kyau, ta yi masa barka da samun sauƙin kawu. Sannan ta cire tabarau.

"Ka ɗauko labarin wani don ka isar da saƙo. Dabara ce mai kyau," in ji ta. "Amma ka ja shi da tsawo, mai sauraro zai ɗauka jaje kake nema. Gobe ka rage rabi." Ta shiga mota ta tafi.

Auta ta gwada nata. Ita ɗora wa kai laifi ta zaɓa, ta je ofis ta ce tana ganin kamar Farfesa ba ta samun abin da take faɗa a aji, ƙila muryarta ce ba ta fita. Farfesa ta tsayar da ita a tsakiyar ofis ta koya mata yadda ake miƙe baya a ja numfashi daga ciki, ta ce malami ba ya magana da ƙirji a tanƙware. Auta ta dawo mana da darasin numfashi.

Na Dogo ya fi na kowa ban haushi. Ya kawo shawarar a riƙa amfani da makirufo a aji, wai ɗakin yana haɗiye sauti. A ransa ɗalibai za su riƙe shi. Farfesa ta yaba da shawarar, ta ce ya iya lulluɓe ƙorafi da rigar taimako, ta aiko aka ɗauko makirufo daga sito ta maƙala a wuyan rigarta. Muka yi mako guda muryarta na girgiza gilashin taga, har malamin ajin kusa ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Ita kuwa ko kalma ɗaya ba ta ƙara ji ba.

A gida abin ya hana ni sukuni. Ina yankan albasa ina ba maigidana labari, shi yana jingine da ƙofar kicin yana jiran ruwan shayinsa ya tafasa. Tun da na fara kwas ɗin nan yake kuka da ni, wai ba ya iya cewa gishiri ya yi yawa sai na tambaye shi me yake son aikatawa da maganar.

"Ke?" in ji shi. "Ke da kika gaya min tumbina ya fito a gaban ƙannena?"

"Wannan daban. Kai nawa ne."

"To, ita ta wa ce?" Ya ɗauki kofinsa ya fita, bai ma jira amsa ba, don an fara labaran wasanni.

Washegari da na shiga aji ba wanda ya ce min komai, amma duk inda na juya sai in ga ido a kaina. Jarrabawa ta matso, an ma liƙa sanarwar zuwan baƙon malamin a allon sashe. Auta ta zo ta zauna kusa da ni ta riƙe gefen mayafina kamar 'yata. Na ce mata ta sake ni, zan je.

Ofishin Farfesa yana ƙarshen baranda a bene na sama. Ɗan ƙaramin ɗaki ne da littattafai suka cinye, kundayen ɗalibai jibge a kan kujerar baƙi, butar shayi ta lantarki a kan wata akwatin ƙarfe, da wani tsiro a gwangwanin madara a bakin taga, ya karkata yana neman rana. Na ƙwanƙwasa, na sake ƙwanƙwasawa, sannan na tuna na tura ƙofar kawai. Tana duƙe tana gyaran rubutun wani da jan biro. Sai da inuwata ta faɗa kan takardar ta ɗago.

"Anti," in ji ta, don ita ma haka take kirana cikin tsokana. "Kwashe waɗannan ki zauna."

Na kwashe kundayen na ajiye a ƙasa, na zauna a bakin kujerar. Na shirya maganata tun a mota, a harshen waje, mai sharar fage da yabo da neman afuwa, babu abin da na bari. Na fara. Sai dai girmamawa tana da nata hali: da na zo kusa da wurin mai nauyi, kaina ya sunkuya da kansa, muryata ta yi ƙasa. Ina ta zuba kyawawan jimloli a kan cinyata, ita ba ta ganin bakina balle ta ji.

"Ɗago kanki," in ji ta. "Wa kike yi wa magana, ni ko takalminki?"

Na ɗago na sake farawa. Ta zuba wa bakina ido, tana gyaɗa kai, sai na ga hannunta ya jawo wata farar takarda, jan biron ya fara rubuta abin da za ta gyara min. Nan na ga inda za mu ƙare. Zan gama, ta cire tabarau, ta ce na yi ƙoƙari, in fita in samu su Monita a matakala da hannu biyu babu komai. Sai baƙon ya zo ya zauna a gefenta.

Na tashi na rufe ƙofar. Na dawo na ɗora tafin hannuna a kan takardar da take rubutu. Ban taɓa yi wa babba haka ba. Na bar harshen waje na koma namu, wanda ban taɓa yi mata magana da shi ba. Na kalle ta ido cikin ido, na ɗaga murya irin yadda nake kiran yarana daga tsakar gida.

"Mama, ba kya ji. Kunnenki ya yi nauyi. Duk ajin mun sani."

Maganar ta cika ɗan ofishin. Na tabbata wanda ke wucewa a baranda ya ji, duk da ƙofar a rufe take. Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma ban janye hannuna ba.

Ta kalli hannuna a kan takardarta. Sannan ta cire tabarau ta sake su suka faɗa kan ƙirjinta.

"Babu sharar fage," in ji ta. "Babu sassautawa. Ko ƙofa ba ki bar min ba. Wannan ai sifili ne." Ta so ta yi dariya, muryar ta ƙi.

"Ba kwanton ɓauna ba ne, Mama."

"Na sani." Ta ajiye biron a hankali, ta daidaita shi da gefen takardar. "Na yaron nan ma na san ba kwanton ɓauna ba ne. Kawun da babu shi. Da 'yar nan mai muryar sauro. Da makirufo." Ta girgiza kai. "Kowannenku ya zo ya bar min ƙofa a buɗe, ni kuma na bi ta na fita. Ni na koya muku, kun kuma iya."

Duk karatun da na yi a wurinta bai tanadar min jimlar wannan wurin ba. Na janye hannuna na koma na zauna.

"Ranar da dogon yaron nan ya ba da haƙuri kuka yi dariya," in ji ta, "me ya ce?"

Na so in yi mata ƙarya. Na buɗe baki ma, sai na ga yadda ta kafe shi da ido.

"Ranakun mako, Mama. Da watanni."

Ta rufe ido. Wannan ya fi min ciwo a kan ihun da na yi mata.

Da ta buɗe ido sai ta tashi ta kunna butar shayi, ta tsaya tana kallon taga, ta ba ni baya. A haka ta yi maganar, ƙila don kada ta ga fuskata. Ta ce tun da maigidanta ya rasu ita kaɗai ce a gida, ba wanda zai ce mata ta cika ƙarar talabijin. 'Yarta tana aiki a wani gari mai nisa, in ta kira sai ta ce mata layin ne ba kyau, ta turo saƙo a rubuce. Yarinyar har kamfanin waya ta sauya saboda haka.

"Kada ki ɗauka ban je asibiti ba," in ji ta. "Na je. Na karɓi kati na zauna a ɗakin jira tun da safe. Mutane suna shiga suna fita, waɗanda suka zo bayana ma suka shiga. Da rana ta yi na je wurin nas ɗin na tambaya, da ladabina. Ta duba ta ce ai an yi ta kiran sunana har an gaji, an ɗauka na tafi." Ta juyo. "A asibitin kunne fa. Da baki suke kiran mutane, daga bayan wata 'yar taga. Nas ɗin ta ce in jira za ta sake sa ni a layi. Na ce mata ina da aji. Na fito na zauna a mota na daɗe ban tayar da ita ba."

Butar ta tafasa ta kashe kanta. Farfesa ba ta ji ba, sai da na nuna mata. Ta zuba mana shayi a kofuna biyu da ba su yi kama da juna ba, ta miƙo min nawa, ta zauna. Na ga tana juya magana a bakinta, na san tana neman hanyar da za ta zagayo da ita. Sai kuma ta ajiye kofin.

"Ki raka ni," in ji ta.

"Yaushe?"

"Gobe. In na kwana biyu zan sami dalili."

Da safe na same ta a ƙofar gidanta ta riga ta shirya, jaka a hannu, ta sa kayan da take sawa ranar taron majalisar jami'a. Ni na tuƙa motarta, don ta ce hankalinta ba ya kan titi. A hanya ba mu yi hira ba. In zan yi mata magana sai na juyo ta ga bakina, ni kuma ban iya tuƙi ina kallon gefe ba.

Ɗakin jiran dogo ne, kujerun roba a jere an haɗe su da ƙarfe, talabijin a sama yana ta yi babu mai kallo. Akwai wani dattijo da auduga a kunne, da wata mata da jaririnta ke ta jan kunnensa yana kuka. Muka karɓi kati muka zauna a tsakiya. Farfesa ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Matar da ke cika aji da murya ta koma 'yar mitsitsiya a kujerar nan, ƙafafunta da ƙyar suke taɓa ƙasa. Ba ta kalli tagar nas ɗin ba ko sau ɗaya. Ni take kallo.

Duk sunan da aka kira sai ta ga na ɗan motsa, ta ɗaga gira, in girgiza kai. Dattijon ya shiga ya fito. Mai jaririn ta shiga. Rana ta hau tagogi, ɗakin ya yi zafi. Can ta sunkuyo ta ce min, a muryar da take zaton raɗa ce, in ina da abin yi in tafi, ba komai, ta gode ƙwarai. Rabin ɗakin ya juyo. Na ce mata ba ni da abin yi. Ta ce ta san ina da aji. Na ce ajin nata ne, kuma malamar ba ta zo ba.

Sai aka kira. Daga bayan 'yar tagar, a gajiye, ba Farfesa ba komai, sunanta tsurarsa kamar na kowa. Na taɓa hannunta.

Ta miƙe ta gyara ɗankwali. Ta miƙo min jakar, ta fasa, ta sake miƙo min. Ta taka zuwa ƙofar likitan da saurin nan nata, amma da ta kama mariƙin sai ta tsaya ta juyo tana nemana a cikin mutane.

"Ki jira ni," in ji ta, da ƙarfin da ya sa nas ɗin ta leƙo ta taga.

Na miƙe tsaye don ta ga bakina, na ɗaga murya daidai da tata, ban damu da masu kallo ba.

"Ina nan, Mama. Ba inda za ni."

Ta gyaɗa kai ta shiga, ƙofar ta rufe. Na koma na zauna da jakarta a cinyata.